Dalar Da Ta Hau Goshina

Takarda suka aiko mini, mai ruwan zinariya a gefe-gefe kamar ta ɗaurin auren ɗiyar minista, wai ana gayyatar kakanni zuwa bikin rufe shekara, abin da suke kira fet, kuma wai jikata ce aka naɗa shugabar mawaƙan lakwal ɗinsu, wato makarantar boko. Na juya takardar gaba, na juya ta baya, na karanta iya inda ilimina ya kai, sauran na bar wa masu shi. Ni karatuna a aji biyar ya toge, kamar jakin da ya hango rami, kuma abin da ya sa ya toge shi ne irin wannan sarautar da aka ba yarinyar nan. Don haka in kun ji muryata ta hau sama cikin abin da zan faɗa, kada ku ce tsufa ne. Tsufa yana nan, ban musa ba, amma fushin ya girme shi.

A zamaninmu ba a tashin yaro da lallashi. Ƙarar garwa ce ke tashinka, uwarka ta dangwarar da ita kusa da kunnenka ta wuce abinta. Damagaram dai kun san ta, gari ne da Allah ya wadata da duwatsu, ya ce ruwa a nema a gaba. Kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsun nan mun kama hanyar rijiya, mu yaran unguwa, kowa da garwarsa. Garin yana farkawa da muryoyinsa daki-daki: luguden mata ta bayan katanga, kukan jakunan fatake, ƙahon soja daga bariki, sai guga da za ka saki ka yi ta jira, har ka fara tunanin ko ya ɓata hanya, sannan ka ji tsundum can ƙasa. Yau in na fito da safe ba na jin komai sai 'yan kabu-kabu da wayar maƙwabci tana waƙa ita kaɗai a kan taga, ba mai saurarenta. Mu kuwa tafiyarmu da kiɗa ce, dawowa da nishi, don garwa muddin ba a cika ta ba, ganga ce.

Mai kaɗa mana ita abokina ne, ɗan makaɗin mahauta. Ubansa shi ke tsayawa da kalangu a bakin rumfar nama ranar da aka yanka sa mai ƙiba, ya yi ta kiran mutane da sunan kakanninsu har sai sun ji kunyar wucewa hannu wofi. Ɗan Kalangu muke ce wa abokin nan nawa, shi kuma yana ce mini Ɗan Malam, kuma har yau da haƙoranmu mu biyu ba za su cika baki ɗaya ba, ba mu sake suna ba. Yatsunsa ba su san zama ba. Ko tuwo yake jira sai ya kaɗa murfin kwano. Shi ya kaɗa, ni in ba da waƙa, sauran su amsa. Ba wata waƙar kirki ba ce, a hanya na ƙaga ta don ƙafa ta manta da nisa. In ce, "Rijiya na nesa, rana na kusa," su ce, "Taka mu je." In na ga wani ya fara jan ƙafa sai in saka sunansa da na ƙanwarsa a ciki, nan da nan ya farfaɗo.

Babana kuwa, Allah ya ji ƙansa, ya kuma yafe mini abin da zan faɗa a kansa, falken kanwa ne, Babarbare mai tsagen gado a fuska, mai alfahari da cewa kakanninsa daga Borno suka zo da allo da tawada, ba da ganga ba. Malam ake ce masa ko'ina. Yana da magana guda da yake maimaitawa kamar wuridi: ɗan mutunci ba ya buɗe baki cikin taro sai don salati ko ciniki. A wurinsa duniya a jere take kamar kayan rumfarsa, malami a sama, falke a kusa da shi, can ƙasa bakin ƙofa inda kaji ke shiga, maroƙa da makaɗa. Ba ya ƙinsu. Yana ba su goro, yana ba su riga ranar salla. Abin da ba ya so kawai a haɗa kwano. Lakwal ma ba da son ransa na shiga ba. Mai unguwa ne ya zo da cewa kowane gida ya ba da yaro guda, Baba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen akuyar sadaka, ya ga ni ne ban iya ɗora wa jaki mangala ba ta zame ba, ya ce a ɗauki wannan.

Lakwal ɗinmu rumfunan zana ne guda uku, ƙararrawarmu kuma tsohon ƙarfen ƙafar mota ne a rataye jikin itacen bedi, wanda wasu ke ce wa dogon yaro. Mushe, wato malamin ajinmu, baƙo ne daga can bakin teku, dogo, siriri, mai Hausa kamar ana jan akuya a kan dutse. Bai san garinmu ba, bai san wa ke cin abinci da wa ba, amma Allah ya ba shi kunne. Wata safiya ya tsaya a bakin hanya ya ji mu muna wucewa da garewani, washegari ya sa muka zo da su lakwal.

Ga yadda ake naɗa shugaban waƙa a lokacin, ku da kuke rabon sarauta kamar ƙosan sadaka ku saurara. Mushe zai jera ajin duka a fili, ya juya mana baya, ya rufe ido. Duk mai so ya fito ya ba da waƙa, sauran su taka suna zagaya filin. Shi ba muryar yake saurare ba, ƙafafu yake saurare. In ya ji ƙafa ɗaya ta sauka ita kaɗai, sai ya ɗaga hannu ba tare da ya juyo ba, an gama da kai ke nan. Ɗan mai unguwa ya gwada, bai kai gindin bedi ba. Ɗan wani babban soja ya gwada, murya kamar rediyo, amma yara suka watse kamar zabi. Da na fito na zagaya da su sau uku, ƙurar ƙafarsu ma tare take tashi. Mushe ya juyo ya ɗaura mini jan ƙyalle a wuya. Bai tambayi ɗan wane ne ba. Da ya tambaya, da watakila yau ni ma ina da sartifika, takardar gama lakwal.

Kada ku ɗauka jan ƙyallen nan ado ne. Mai shi shi ke riga kowa zuwa, shi ke yayyafa wa fili ruwa, shi ke adana garewani, shi ke bin wanda ya gudu har gida. Sannan ga babbar ƙa'ida: in aji ya ɓata waƙa ba a neman wanda ya ɓata, shugaba ke miƙa hannu a zuba masa tsumagiya. Na sha ta saboda wani ƙaton yaro daga Gaffati mai murya irin ta raƙumin da ake ɗora wa kaya. Na sha ta har na gano dabara: na dawo da shi kusa da ni, na ce ya riƙa kallon bakina, in ya yi daidai in damƙa masa dabinon da na ɗebo a rumfar Baba. Cikin wata guda raƙumi ya zama mutum. Shugabanci ke nan a inda na koye shi, dukan wani ya yi ta sauka a tafinka har sai ka gyara shi. Yanzu ku nuna mini shugaba guda, daga na lakwal har waɗanda ake share wa hanya, da zai miƙa hannu don laifin na bayansa. Zan jira, ina da goro.

A gida ba wanda ya sani sai uwata, wadda ita ma a kan dutsen niƙa take tata waƙar, ƙasa-ƙasa, ta haɗiye ta in ta ji takun Baba. Jan ƙyallen a gidan su Ɗan Kalangu yake kwana. Can nake tsayawa in cire, kuma can ne ubansa ya taɓa dubana, yana gyaran kalangunsa, ya ce, "Ɗan Malam, daga maƙogwaro kake ɗebo ta, shi ya sa kake gajiya. Daga cibiya ake ɗebowa. Kamar rijiya ce, ruwan kirki can ƙasa yake." Bai ƙara ba, ban kuma ƙara ganin ya kula ni ba.

Shekara ta zo ƙarshe cikin bazara, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa. Aka ce za a yi rabon kyauta gaban iyaye da kumandan, Nasaran da ke mulkin gari, kuma akwai babban littafi mai hotuna ga shugaban waƙa. Ni hankalina kwance, Baba ba ya zuwa harkar lakwal, za a yi a gama bai ji ba. Ashe Mushe, saboda tsabar kirki, Allah ya raba mu da kirkin baƙo, ya taka da ƙafarsa har rumfar kanwa. Ya ce, "Malam, yaro naka na farko. Shi gaba, duka baya. Zo ka gani." Baba bai tambayi na farko a me ba. A saninsa abu biyu ake yi a lakwal, rubutu da lissafi, kuma falke ba ya ƙin ɗa mai lissafi. Ya sa aka fito masa da babbar rigarsa, ya gayyaci abokan cinikinsa biyu su zo su taya shi gani.

Ranar rabon ina tsaye gaban aji, jan ƙyalle a wuya, Ɗan Kalangu da garwa a bayana, na ɗaga ido sai ga rawanin Baba a sahun gaba. Ɗan Kalangu ya ce ƙasa-ƙasa, "Ɗan Malam, mutuwa dai ɗaya ce, ka yi ta da kyau." Ya saki kiɗa. Muka fara da ta Faransanci, wadda har yau ban san abin da take cewa ba, kumandan yana gyaɗa kai. Har nan da sauƙi. Baba zai iya cewa shirmen Nasara ne, an tilasta yaro. Sai Mushe ya yi mini alama in kawo tamu ta rijiya. Na ɗebo ta daga cibiya. Ban san abin da ya faru ba, na dai ji amshin ya fi ƙarfin aji. Ashe matan da ke tsaye a bayan zana sun kama, su da suka fi kowa sanin nisan rijiyar. Filin duka ya ce, "Taka mu je." Gumi na zuba mini har cikin ido.

Sai na ga taro ya tsage, uban Ɗan Kalangu ya fito, ba kalangu a hammatarsa, yana tafiya kamar wanda ake ja da igiya. Ya zo gabana, ya sa hannu a aljihu, ya ciro dala, ya danna mini ita a tsakiyar goshi da babban yatsa. Ta zauna daram. Hannuwana biyu suna sama suna riƙe da takun yara, in na sauke ɗaya waƙa ta zube. Haka na kai ta ƙarshe da dala a goshi tana ƙyalli, wata tsohuwa na rangaɗa guɗa.

Yaran yanzu ba za su gane ba, don haka bari in warware musu. Liƙi a lokacin ba a yi wa ɗan mutane. Wanda ake liƙa wa shi ne wanda ke ci da bakinsa. A liƙa wa ɗan Malam kuɗi gaban gari, an ce ya zama maroƙi ke nan. Wanda ya liƙa kuma ya kasance makaɗi, mutumin da Baba ke ba riga ranar salla, to wannan abin ba a ma raɗa masa suna ba tukuna. Ɗaya daga abokan Baba, wani mai bakin da ba ya ajiye magana, ya karkato ya ce yadda kowa zai ji, "Malam, barka. Ko kanwa ta faɗi, gidanka ba zai kwana da yunwa ba. Watan gobe akwai suna a gidana, a ajiye mini shi." Baba ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya fita ta tsakiyar fili, ba ta gefe ba. Aka kira sunana, na karɓi littafi daga hannun kumandan, ana tafi, ni kuwa bayan rawanin nan kawai nake kallo.

Bai doke ni ba. Da ya doke ni, da magana ta ƙare a jikina. Bayan la'asar Mushe ya zo zaure, hula a hannu, riga sharkaf, ni ina raɓe a bayan ƙofa.

"Malam, yaro kai mai kyau. Shekara ɗaya kawai, sartifika. Bayan haka kolej, bayan haka biro, aiki na gwamnati."

"Mushe, sha ruwa tukuna," in ji Baba. Ya jira har ya sha. "Da kuka karɓe shi, me kuka ce za ku mayar da shi?"

"Mutum babba."

"To na ga girman. Na ba ku ɗan malamai, kun dawo mini da shi da kuɗin makaɗi a goshi. In na ƙara bar muku shi shekara guda, da me za ku dawo da shi? Da kalangu?"

"A garinmu, Malam, mai waƙa, ana ɗaga shi sama."

"Allah ya mayar da kai garinku lafiya."

Da Mushe ya fita, Baba ya kira ni ya ce gobe da safe akwai jakunan da za su Damagaram Takaya, wani gari daban can nesa da namu, zan bi su in zauna gun ƙaninsa, inda mai unguwa ba zai gan ni ba balle ya sake rubuta ni. Kafin nan in kai wa mutumin nan dalarsa, kada ta kwana a gidansa.

Na sami uban Ɗan Kalangu zaune a ƙofar gida, ya riga ya ji. Na durƙusa na miƙa. Bai karɓa ba.

"Baba ya ce in mayar."

"Abin da ya hau goshi ba ya komawa aljihu, Ɗan Malam." Ya mayar mini da hannuna. "Tun ban kai ka ba ake liƙa mini. Ban taɓa liƙa wa kowa ba sai yau. Wallahi ban yi don in ci mutuncin Malam ba. Mantawa na yi. Na manta ɗan wane ne kai, na manta ko ni wane ne. Waƙar ce ta mantar da ni." Can ya ɗan yi murmushi ya ce, "Amma ka ga yadda ta zauna? Gumi ke riƙe ta. Wanda bai yi gumi ba, ko an danna, faɗuwa take."

Gida an hana ta shiga, mai ita ya ƙi ta. Masu iya tsara labari za su ce na huda ta na rataya a wuya har yau. Ƙarya ne. Ƙosai muka saya, ni da Ɗan Kalangu, muka hau dutse muka cinye, ina kuka yana lasar yatsa. Na bar masa jan ƙyallen. Littafin kuwa uwata ta ɓoye cikin tukunya, gara ta yi karatunsa ta sauke kafin in dawo.

Shekarun da suka biyo ba su da abin faɗa: gero, jaki, kanwa, rumfa, aure, 'ya'ya. Ban ƙara ba da waƙa ba ko a gona, don ƙanin Baba an ba shi amanar kunne, daga baya kuma shirun ya zame mini jiki. Ɗan Kalangu ya ci sartifika, ya wuce, ya zama mai allura a gidan likita. Ɗan makaɗi, manyan gari na kwance masa mazagi suna cewa a yi a hankali, ɗan malamai kuwa yana bin bayan jaki. In na tuna masa sai ya ce, "Ai kai ka ci rabonka tun da wuri, da yaji ma."

Shi na ja muka tafi fet ɗin jikata. Rumfa ta haya, kujerun roba, manyan akwatunan sauti guda biyu da suke kira bafil, kowanne ya kai ɗan rumbu. Wani mai tsagaggen wando ya danna abu, kiɗa ya fashe har goro ya faɗo mini daga baki. Yara suka fito cikin kaya iri ɗaya, jikata a gaba da wani ƙyalle mai walƙiya a kafaɗa. Bakinta na motsi, amma muryar da ke fitowa ta wata ƙatuwar mata ce da ta yaye aƙalla uku. Na ce wa Ɗan Kalangu, "Kai, kunnena ne, ko yarinyar nan ta yi aure ban sani ba?" Ya ce, "Yi shiru, ci gaba ne." Na dubi ƙafafunsu, kowace da inda ta nufa, kamar an watsa wa kaji tsaba. Na tambayi ɗana, uban yarinyar, yadda aka yi aka zaɓe ta. Ya ce ai karɓa-karɓa ake yi, kowane wata da shugabarsa, don kada ran wani yaro ya ɓaci. Ita ta dace da watan fet. Da aka zo rabon takarda kuwa sai da kowa ya samu, har wani da ya yi barci a kan kujera aka tashe shi aka ba shi ta ƙoƙari.

Ba wannan ne ya ƙona ni ba. Abin da ya ƙona ni shi ne liƙi. Iyaye suka tashi rututu, alhazai da hajiyoyi, 'ya'yan malamai da jikokin fatake, har da jikan mutumin nan da ya ce a ajiye masa ni don suna, na gane shi ta hancin gidansu. Suna watsa takardun kuɗi a kan 'ya'yansu, kuɗin na zubewa ƙasa, ba ko ɗaya da ya zauna a goshi, ana bi da leda ana tsincewa, ana ɗaukar hoto da waya. Abin da aka fitar da ni daga gari saboda shi, yau shi ake sa turare a zo yi. Wa ya sauya dokar? Yaushe aka yi shelar? Me ya sa ranar da aka yanke cewa ba abin kunya ba ne, ba a aiko mini da takarda mai ruwan zinariya ba, in je in tsaya kan kabarin Baba in karanta masa iya inda ilimina ya kai?

Ɗana ya saƙa mini sabuwar takardar kuɗi a hannu. "Baba, tashi ka liƙa wa amaryarka, ana kallo."

Na tashi. Amma wurin mai tsagaggen wando na nufa, na ce, "Ɗana, kashe abin nan." Ya dubi diraktan lakwal, dirakta ya dubi furfurata, aka kashe. Shirun da ya sauka har kukan kurciya na ji. Na ce, "Amarya, ba da waƙa. Ke ce shugaba, ga mutanenki." Ta buɗe baki, wani siririn abu ya fito kamar kukan ɗan tsako, na bayanta suka tsaya suna kallon bafil kamar marayu. Idonta ya kawo ruwa. Na kama hannunta, na saka takardar a ciki, na naɗe yatsunta a kai. Na ce, "Wannan ta kaka ce, ki sayi alewa. Goshi kuwa ba a yi masa kyauta."

Kwana uku surukata ba ta gaishe ni da baki ba sai da kwano, tuwon ma da sanyinsa. Ɗana ya ce na kunyata yarinya gaban jama'a, kuma na san bai yi ƙarya ba. Duk inda na juya sai in ji kamar rawanin Baba ne a kaina. Rana ta huɗu bayan azahar, muna zaune da Ɗan Kalangu a inuwar zaure, sai ga jikar tawa, fuska a murtuke, tana jan bido, irin na roba da ake ɗiban ruwa, ba komai a ciki. Ta dangwarar da shi a gabanmu.

"Tsoho, tunda ka iya, yi mu ji."

"Da wa kike, da mijinki ko da wannan ɗan makaɗin?"

"Da mai bakin. Kuma ni na fasa auren, ka sani."

Ɗan Kalangu ya jawo bidon tsakanin gwiwoyinsa, yatsun nan nasa da suka kumbura suka tuna hanya. Na gyara zama, na nemi cibiya, na buɗe baki. Tari ne ya fito. Na sake, wani abu ya fito kamar kukan ƙofar langa-langa. Na sake. Jama'a, rijiyar ta ƙafe. Shekara da shekaru ina ajiye da ita a rufe ina cewa tana nan, ashe ba a ajiyar murya. Na zauna ina haki, ban san wa zan kai ƙara ba. Baba na ƙasa, Mushe ya koma bakin tekunsa, mai baƙin bakin nan ma ya mutu ana ta yabonsa.

Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta karkata kai, ta tsinci waƙar daga cikin tarin kamar mai tsintar gero cikin yashi. Ta ce, "Haka ne?" Ta rera, "Rijiya na nesa, rana na kusa," ita da ba ta taɓa jan guga ba. Ɗan Kalangu ya amsa, ƙannenta suka fito daga cikin gida suka amsa. Ta sake, wannan karon daga ƙasa ta ɗebo. Ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ba. Dala na samu, irin wadda mai tebur ma ke ƙin karɓa. Na danna mata a goshi. Ta zame, ta bi karan hanci, ta faɗi, ta gangara har gindin bido.

"Ba ta yi gumi ba," in ji Ɗan Kalangu, bai daina kiɗa ba.

Ta tsinto ta, ta juya ta, ta taɓe baki. "Tsoho, dala? Wannan ko ashana ba ta saye."

Na ce, "Ni da sartifika na saye ta. Miƙo nan. Ku fita rana, mu sake daga farko."